Me ake karantawa in ana son gane sujadar coci? Fashin baƙi daga Sabon Gari

Ɗan yayata ne ya jawo wannan rubutun. Yana makarantar horar da fastoci, an ce kowa ya rubuta furojet, shi kuma ya ɗauki Jibin Ubangiji. Da ya zo hutu Kano sai ya same ni a shago da yamma ya ce, Kawu, sati biyu ke nan ina nema a waya, duk abin da nake gani faɗa ne kawai, wannan na cewa 'yan Katolika sun ɓata, wancan na cewa mu ne muka ɓata, ba wanda ya faɗa min inda abin ya faro. Maƙwabcina wani Alhaji mai kayan lantarki da muke tare shekara da shekaru yana jin mu, sai ya sa baki ya ce shi ma abin na ɗaure masa kai, in ya bi ta Sabon Gari ranar Lahadi wannan coci tsit sai ƙarar ƙararrawa, na gaba da shi ganga da rawa har titi, can gaba kuma ga masu fararen kaya ba takalmi a ƙafa, kuma duk sun ce su Kirista ne. Ya ce, Malam, wai ku ba ku da littattafan da suka tsara muku ibada ne irin namu na fiƙihu?

Akwai su, kuma da yawa. Fanni ne mai zaman kansa da mutane ke yin digirin digirgir a kai, a jami'a ana ce masa litaji, kalmar Girkanci ce da asalinta ke nufin hidimar da ake yi saboda jama'a, mu dai a Hausar coci tsarin sujada muke cewa. Kuma tun daga nan ma akwai abin lura, don in Alhaji ya ji sujada goshi a ƙasa yake gani, mu kuwa in an ce an shiga sujada ana nufin duk zaman ne tun daga waƙar buɗewa har albarkar sallama. Haka kalmar jibi, yara da yawa yanzu suna zaton jibin bayan gobe ne, alhali tsohuwar Hausa ce da ke nufin abinci, wato cimar Ubangiji.

Abin da na fara faɗa wa yaron shi ne, ɗalibin fiƙihu a cikin gari ba ya fara karatu da Muhtasar, sai ya bi ta Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala tukuna. Toh nan ma haka ne, kuma Ahalarin wannan fannin shi ne littafin da ke ajiye a kan bencin cocin. Mutane na raina shi don sun saba ganinsa, bangonsa ya yage an ɗaure da salatif, amma shi ne shaida ta farko a kan abin da ikkilisiya ta gaskata. Wani almajirin Agustin, babban malamin coci na Arewacin Afirka, mai suna Prosper, a ƙarni na 5, ya bar wata magana da masana ke maimaitawa har yau, ma'anarta ita ce yadda mutane ke addu'a shi ke nuna abin da suka ba da gaskiya da shi. In kana son sanin abin da Angilika ke nufi da gurasa da ƙoƙo, buɗe littafin addu'arsu, wanda Thomas Cranmer ya fara shiryawa a Ingila a 1549, aka sake shi a 1552, sannan na 1662 ya zama wanda ya zagaya duniya har ya iso Wusasa da Kano. Ka ajiye na 1549 da na 1552 gefe da gefe, ka duba kalmomin da ake faɗa wa mutum lokacin da ake miƙa masa gurasa, na farko ya ce jikin Ubangiji ne da aka bayar dominka, na biyu ya ce karɓi ka ci don tunawa, na 1662 kuma ya haɗa biyun a jere. Rigimar da ta raba Turai tana nan a cikin layi biyu kacal. Na Katolika kuma littafin Mas ne, wato sujadarsu ta Jibi, akwai na 1570 bayan babban taron bishop-bishop na Tirent, akwai na 1970 bayan taron Vatikan na biyu. ECWA da Baftis ba su da littafi mai tsauri haka, amma akwai Littafin Waƙoƙi, akwai littafin hidimar fasto, akwai ma 'yar takardar tsarin sujada da sakatare ke bugawa duk Lahadi, wannan duk kayan bincike ne.

Daga nan sai a koma baya can, wajen waɗanda suka gani da idonsu. A nan ne ni dai karatun ya fi kama min zuciya. Mafi tsufa shi ne abin da Bulus ya rubuta a 1 Korintiyawa 11, wajen shekara ta 55. Bayan Sabon Alkawari akwai wani ɗan littafi da ake kira Didache, wato Koyarwa, na ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2, ya ɓace ɗaruruwan shekaru sai a 1873 wani babban limamin Otodoks mai suna Bryennios ya tsinto shi a wani ɗakin karatu a Istanbul, aka buga a 1883. Ba shi da tsawo ko kaɗan, kafin shayinka ya huce ka kusa gamawa. Babi na 7 ya ce a yi baftisma a ruwa mai gudu, in babu a yi a wani ruwan, in ba a iya da mai sanyi ba a yi da mai ɗumi, in duk babu a zuba wa mutum ruwa a ka sau uku da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Na karanta wa ɗan yayata wannan wurin ya yi shiru, don shi an yi masa tasa ne a kwarmin siminti na bayan coci da ruwan da aka sayo wajen 'yan garuwa, kuma ya tashi yana jin cewa wanda aka zuba wa ruwa a ka bai yi baftisma ba sam. Ga shi tun wancan zamanin sun san akwai garin da ruwa ke wuya, sun bar ƙofa. Babi na 8 kuma ya ce a yi azumi Laraba da Juma'a, a yi Addu'ar Ubangiji sau uku a rana.

Sai Jastin Shahidi, wanda ya rubuta wa sarkin Rum wajen 155 yana kare Kirista daga ƙazafin da ake musu. A babi na 67 na littafin kariyarsa na farko ya zayyana Lahadinsu tiryan-tiryan: a taru wuri ɗaya, a karanta rubutun manzanni ko na annabawa iya yadda lokaci ya bari, shugaba ya yi gargaɗi, kowa ya miƙe a yi addu'a, a kawo gurasa da ruwan inabi da ruwa, shugaba ya yi godiya jama'a su ce Amin, a raba, dikinoni su kai wa waɗanda ba su samu zuwa ba, a tara baiko don marayu da gwauraye da fursunoni da baƙi. Duk wanda ya taɓa zama a coci a Kano, ko Our Lady of Fatima ne ko Holy Trinity ko wata ƙaramar majami'ar Hausa a Rano, zai ga ƙashin bayan sujadarsa a nan. Akwai ma shaidar wanda ba Kirista ba, wani gwamnan Rum mai suna Pliny da ya rubuta wa sarki Trajan wajen 112 cewa mutanen nan suna taruwa ne kafin gari ya waye a wata rana da suka ware, suna yi wa Almasihu waƙa kamar ga Allah. Sannan ga wata baiwar Allah Egeria da ta yi ziyara Urushalima tsakanin 381 da 384 ta rubuta wa 'yan uwanta mata duk abin da ta gani a makon Ista, da jerin gwano da ganyen dabino da kukan jama'a ranar Juma'a, rubutunta sai a 1884 aka gano shi a Arezzo ta Italiya.

Yanzu batun sakramenti, wanda shi ne asalin tambayar yaron. A Girkanci kalmar ita ce misterion, Larabawa Kirista na Masar da Labanon suna cewa sirri, jam'insa asrar, Latin kuma ya ɗauki sakramentum wanda a da rantsuwar soja ce. Ka ga tarkon da ke gaban mai fassara zuwa Hausa, don in ka ce asirai bakwai na ikkilisiya wani zai zaci maganar boka ake. Ma'anar da aka fi bayarwa tana da tushe a koyarwar Agustin, alama ce ta zahiri da ido ke gani wadda ke nuna alherin Allah da ido ba ya gani. Nawa ne su? Shekaru sama da dubu ba a tsayar da adadi ɗaya ba, sai Peter Lombard a birnin Paris wajen 1150 ya jera bakwai a littafinsa da ya zama na karatun ɗalibai: baftisma, tabbatarwa, Jibin Ubangiji, furta zunubi, shafe marar lafiya da mai, naɗin masu hidima, da aure. Taron Tirent ya tabbatar da bakwai ɗin a 1547. Martin Luta kuma a 1520 ya ce sai abin da Yesu da kansa ya umarta kuma ya haɗa shi da alama ta zahiri, ya fara da uku a littafin, kafin ya rufe ya dawo biyu. Su kansu masu gyaran ba su daidaita ba, a 1529 Luta da Zwingli, wani jagoran gyaran coci na Suwizalan, sun zauna a Marburg ta Jamus, suka yarda a kusan komai amma suka rabu a kan maganar Yesu da ya ce wannan jikina ne, Luta ya ce Almasihu na nan da gaske, Zwingli ya ce alama ce ta tunawa. Yawancin abin da ake faɗa a majami'unmu na Hausa ranar Jibi ya fi kusa da Zwingli, ko da ba mu taɓa jin sunansa ba. Ko maganar aure ma fassara na da hannu a ciki, don a Afisawa 5:32 inda aka ce wannan babban asiri ne, Latin ya sa sakramentum.

Wani abin da nake so 'yan makarantar tauhidi na Arewa su riƙe shi ne, wannan karatun ba kayan Turawa ba ne kaɗai. Littafi na farko da aka rubuta sukutum a kan baftisma, Tertullian ne ya rubuta a Kartaj, Tunisiya ta yau, wajen shekara ta 200. Agustin bishop ne na Hippo, Annaba ta Aljeriya. Kuma rigimar da ya sha da mabiya wani bishop mai suna Donatus tana nan da rai a Sabon Gari har gobe. Bayan tsanantawar da aka fara a 303 wasu shugabanni sun miƙa littattafai masu tsarki don tsira da ransu, sai aka ce toh baftismar da irin waɗannan suka yi ta lalace. Agustin ya ce a'a, Almasihu ne mai yin baftisma, mai hidima hannu ne kawai. Na taɓa zama da wata uwa a zumuntar mata tana hawaye don faston da ya yi mata baftisma an dakatar da shi, tana tambaya ko sai ta sake. Amsar tambayarta an rubuta ta a ƙasar Afirka shekara dubu ɗaya da ɗari shida da suka wuce, amma ba wanda ya taɓa kawo mata ita da Hausa.

Sai kuma masanan zamani, zan bar sunayensu yadda ake rubutawa don mai nema ya samu. A 1945 wani ɗan zuhudu na Angilika, Gregory Dix, ya fitar da The Shape of the Liturgy, ya ce duk Jibin Ubangiji a ko'ina tun farko siffa ɗaya gare shi mai gaɓa huɗu, a ɗauka, a yi godiya, a gutsuttsura, a bayar. Maganar ta yi daɗin ji, ta shiga gyaran littattafan addu'a na coci-coci da dama. Josef Jungmann na Ostiriya shi ma ya yi gagarumin aiki a 1948 a kan tarihin Mas na Rum, gaɓa bayan gaɓa. Amma a 1992 Paul Bradshaw ya zo da The Search for the Origins of Christian Worship, ya ce a yi a hankali, an cika haɗa guntayen shaidu daga Siriya da Masar da Rum a ɗinke su kamar riga ɗaya alhali kowane gari da nasa yayin. Misali a Didache ƙoƙo ne ya riga gurasa, kuma addu'ar ba ta ma ambaci kalmomin daren cin amana ba. Haka wani littafi da ake kira Al'adar Manzanni, an daɗe ana cewa Hippolytus ne ya rubuta a Rum wajen 215, har Katolika suka ɗauko addu'ar godiya ta biyu ta Mas daga cikinsa, yanzu masana da yawa na ganin tari ne da hannaye daban-daban suka yi ta ƙara wa a wurare daban-daban. Ni a ganina Bradshaw ya fi gaskiya a kan tarihi, kuma ɗalibin da ya karanta Dix shi kaɗai zai fito da tabbacin da shaidun ba su ba shi ba, amma duk da haka kar a bar Dix, don shi yana sa ka ji nauyin abin a ƙirjinka. Littafin nan na Al'adar Manzanni ma asalin Girkancinsa ya ɓace sai 'yan guntaye, abin da ya rage fassara ce ta Latin da Kibɗanci da Larabci da Gi'iz na Habasha, ka ga ɗan Kano da ya yi Larabci mai kyau yana da makamin da ɗaliban Turai da yawa ba su da shi.

Mai farawa dai ya nemi Introduction to Christian Worship na James White, ya fi sauƙi kuma bai ɗauki ɓangare ba. Mai son jin muryar Otodoks ya nemi Alexander Schmemann. Takardu biyu kuma kar a tsallake su. Ɗaya ita ce Sacrosanctum Concilium ta 4 ga Disamba 1963, wadda bishop-bishop 2147 suka amince 4 suka ƙi, ita ta buɗe ƙofar yin Mas da harshen mutane, shi ya sa yau za ka ji fada yana addu'a da Hausa, kuma sashe na 37 zuwa 40 ya yi magana a kan al'adun al'umma. Ɗayar ita ce takardar Lima ta 1982 a kan baftisma da Jibi da hidima, inda ɗariƙu daban-daban suka zauna suka rubuta inda suka yarda da inda suka saɓa ba zagi. A gida kuma akwai Fada Elochukwu Uzukwu, ɗan Najeriya, da Worship as Body Language na 1997, wanda ya nuna cewa motsin jiki da rawa a sujadar Afirka harshe ne ba wasa ba. A Kwango ma Rum ta amince da tsarin Mas nasu na musamman a 1988. Wannan ne amsar Alhaji a kan ganga. Masu fararen kaya kuwa, Kerubim da Serafim sun faro a 1925 a ƙasar Yarabawa, Selestiyal a 1947 a Porto-Novo, kuma J.D.Y. Peel ya yi littafi a kan Aladura, wato irin waɗannan coci-coci, a 1968. 'Yan Fentikos za su ce maka ba su da tsari Ruhu ne ke bi da su, amma je ka zauna Lahadi huɗu a jere da biro da takarda, za ka ga yabo, sujada, shaida, baiko, wa'azi, kiran bagade, kusan ba ya canzawa.

Ina ake samun su? Tsofaffin rubuce-rubucen duk kyauta ne a intanet, shafukan CCEL da New Advent suna da Didache da Jastin da Tertullian da Agustin, shafin Vatikan yana da takardunsu da Katikism na 1992 wanda kashinsa na biyu duk a kan sujada da sakramenti ne, archive.org kuma na da tsofaffin littattafan addu'a. Sai dai a sani yawancin fassarar kyautar nan ta ƙarni na 19 ce, bayanan da ke gefenta sun tsufa, kar a kwafe su a matsayin ra'ayin masana na yau. Mujallun fannin su ne Worship, da aka fara a 1926 a Minnesota ta Amurka, da Studia Liturgica ta 1962. Sababbin littattafai kam akwai tsada da wannan canjin dala, gara mutum ya shiga mota zuwa Filato, makarantar tauhidi ta TCNN a Bukuru da aka buɗe a 1959 tana da ɗakin karatu kuma kantin littattafai na ACTS na nan, ga JETS, makarantar tauhidi ta ECWA, da makarantar fada-fada ta St. Augustine a Jos, ga St. Francis a Wusasa nan kusa da mu.

Abin da ke ci min rai shi ne kusan duk abin da na lissafa da Turanci yake. Tun 1900 su Bishop Tugwell da Dakta Walter Miller suka iso Kano zamanin Sarki Alu aka sallame su, 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, miliyoyin mutane daga Kano zuwa Kudancin Kaduna zuwa Filato zuwa Adamawa da Hausa suke sujada, amma bincike a kan wannan sujadar ta Hausa kaɗan ne ƙwarai. Wa ya zaɓi kalmar jibi? Yaushe aka fara yarda a shigo da tulu da kacau-kacau cikin majami'a bayan da farko an hana? Me ya sa majami'u da yawa ke amfani da lemon kwalba ko zoɓo maimakon ruwan inabi, kuma su wa suka yanke hakan? Waƙoƙin zumuntar mata da ba a rubuta ba, me suke koyarwa a kan gicciye da mutuwa? Masu amsar nan tsofaffi ne, kuma kullum raguwa suke.

Don haka na ce wa ɗan yayata ya karanta 1 Korintiyawa 11 da Didache babi na 9 da 10 da Jastin babi na 65 zuwa 67 a daren nan, duka ba su wuce shafi goma ba, ya yi babin tarihi da White da Bradshaw, amma zuciyar furojet ɗin ta zama Jibin Ubangiji a majami'un Hausa na Kano. Ya zaɓi coci uku, Katolika ɗaya, Angilika ɗaya, ECWA ɗaya, ya nemi izinin shugabanni, ya zauna ya rubuta wa ke tsayawa ina, me aka faɗa, wa aka bari ya ci wa aka hana. Alhaji ya ce in an gama a buga masa kwafi ɗaya zai karanta. Ranar Asabar mai zuwa za mu shiga mota zuwa ƙauyenmu ni da yaron, akwai wani tsohon mai bishara da ya haura tamanin wanda har yanzu yake riƙe da littafin waƙoƙinsa na farko a cikin leda, mun ce a gaya masa muna tafe kuma za mu ɗauki muryarsa a waya in ya yarda.